Da gaske ne an auna kewayen duniya da inuwar sanda?

Wata ɗaliba ce ta aiko da wannan tambaya: "Malam, a aji aka ce mana wani mutumin Girka ya auna kewayen duniya da sanda kawai, sama da shekara dubu biyu da suka wuce, wai kuma amsarsa ta yi daidai da ta yau. Ni dai abin ya ƙi shiga kaina. Ba jirgin sama, ba tauraron ɗan Adam, a ina ya tsaya ya ga duniyar har ya auna ta? Ko dai daga baya aka gyara lissafin aka jingina masa?"

Shakkarki tana da gurbi, 'yata, sai dai kin ajiye ta inda ba nan ne wurinta ba. Awon an yi shi, hanyar da aka bi kuma sahihiya ce, ko gobe kika bi ta za ta kai ki. Inda aka zuba gishiri shi ne cewa amsar ta faɗa daidai da ta yau ba ragi ba ƙari. Ni aikin safiyo na koya, na daɗe ina jan tef a filaye da gonaki kafin in koma aji, kuma abin da na tarar a aikin shi ne na tarar a tarihin nan: karanta sama ya fi auna ƙasa sauƙi nesa ba kusa ba. Duk waɗanda za ki ji sunansu a nan, abin da ya ba su wahala a ƙarƙashin ƙafarsu yake.

Kafin a yi maganar girma sai da aka gama da maganar siffa. Aristotal, masanin Girka wanda ya rayu tsakanin 384 da 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kawo hujjojin da har yau ba su tsufa ba. Ta farko husufin wata. Idan wata ya shiga inuwar duniya, bakin inuwar kullum a lanƙwashe yake, ko husufin ya faru da almuru ko da tsakar dare ko da asuba. Ɗauki faifai ki tare hasken fitila da shi. Idan ya fuskanci fitilar sosai inuwarsa da'ira ce, amma da kin karkata shi sai ta tsuke, har ta koma siririn layi. Dunƙulen fura kuwa duk yadda kika juya shi inuwarsa ba ta sauyawa. Hujja ta biyu taurari: ya ce akwai waɗanda ake gani a Masar da tsibirin Kubrus, amma da an yi arewa sai su ɓace. Wannan ke ma za ki iya gwadawa. A Kano tauraron arewa yana sama da inda ƙasa ta haɗu da sama da kimanin digiri 12, wato idan kika miƙe hannu kika dunƙule shi, faɗin dunƙulen da ɗan ƙari. A Agadas ya hau zuwa wajen 17, a Makka 21. Tauraron yana nan inda yake, ke ce kika taka bayan abu mai lanƙwasa. Aristotal ya kuma ambaci cewa masu lissafin zamaninsa sun kiyasta kewayen duniya da sitadiya 400,000 (sitadiya ma'aunin nisa ce ta Girkawa). Adadin ya yi yawa, amma ya nuna tun a lokacin ana ɗaukar duniya abu mai iyaka da za a iya sa wa ma'auni.

Mutumin da aka ba ku labarinsa shi ne Eratostenis. An haife shi wajen 276 kafin haihuwar Annabi Isa a Sirini, wani birnin Girkawa da kufansa ke gabashin Libiya ta yau, ya kuma zama shugaban babban ɗakin karatu na Iskandariya. Littafin da ya rubuta kan awon ya ɓata. Abin da ya iso mana bayanin wani marubuci ne mai suna Kiliyomidis, wanda ya zo ƙarnoni bayansa ya taƙaita hanyar don masu koyo.

Ga yadda take. A kudancin Masar akwai garin Siyeni, Aswan ta yau. An san cewa a ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, wajen 21 ga Yuni a lissafinmu, idan rana ta take tsaka a garin, sandar da aka kafa a miƙe ba ta da inuwa. Wasu marubutan, irin su Sitarabo, sun ƙara da labarin wata rijiya da hasken rana ke sauka har kan ruwanta a wannan lokaci. A daidai wannan rana da wannan sa'a, a Iskandariya da ke arewa, sanda tana da 'yar gajeriyar inuwa. Ya auna ta a wani agogon rana mai siffar ƙwarya da tsinke a tsakiya, ya ga ta ci kashi ɗaya cikin hamsin na cikakkiyar da'ira. A harshen yau digiri 7.2 ke nan. Don ki gan shi da ido: sanda mai tsawon mita ɗaya, inuwarta ba ta kai santimita 13 ba.

To ina ruwan inuwa da kewayen duniya? Nemi lemo da tsinken tsintsiya biyu. Soka su a jikin lemon, nesa kaɗan da juna, kowanne ya nufi tsakiyar lemon. Za ki ga kawunansu sun buɗe, ba su tafi kafaɗa da kafaɗa ba. Ki juya lemon har ɗaya ya fuskanci rana sak, inuwarsa ta ɓace. Ɗayan dole ya yi inuwa, domin ya karkace daga ranar, kuma gwargwadon karkacewarsa shi ne gwargwadon buɗewar da ke tsakanin tsinkayen biyu can a tsakiyar lemon. Ma'ana inuwar Iskandariya ta gaya wa Eratostenis irin yankan da garuruwan biyu suka ɗiba daga lemon duniya: yanka ɗaya cikin hamsin. Saura a san faɗin bayan yankan. Tsakanin Siyeni da Iskandariya an ɗauka sitadiya 5,000 ne. Sau hamsin, 250,000. Wasu marubutan sun kawo adadin nasa a 252,000, wanda ke rabuwa lafiya gida sittin, ya kuma ba da sitadiya 700 cif ga kowane digiri.

Akwai abin da malamai kan tsallake a aji, ni kuwa ba na tsallake shi. Wannan gwaji bai tabbatar da cewa duniya mulmulalliya ce ba. Eratostenis ya shigo da wannan a hannunsa, tare da cewa rana tana da nisan da haskenta ke saukowa a jere, bai buɗe ba. Da za a ce ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce rana kuma tana kusa, kamar fitilar da aka rataye a rumfa, nan ma wanda ke ƙarƙashinta ba shi da inuwa, na gefe yana da ita. Tsofaffin masu lissafi na ƙasar Sin haka suka karanta irin wannan inuwa, suka kafa ƙa'idar cewa duk tafiyar li dubu (li ma'aunin nisansu ne) kudu ko arewa tana sauya inuwar sandarsu da ɗan ma'auni guda, suka fitar da tsayin rana daga nan. Garuruwa biyu ba sa raba gardamar. Sai an ƙara na uku da na huɗu lissafin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake watsewa, domin kowane gari sai ya ba ki tsayin rana dabam. A shekarar 724, zamanin daular Tang, wani malami mai suna Yi Shing da abokan aikinsa suka auna inuwa a wurare da dama daga kudu zuwa arewa, suka nuna tsohuwar ƙa'idar ba ta tsaya ba.

Yanzu ga gishirin. Kewayen duniya ta kan dorayenta biyu na arewa da kudu kilomita 40,008 ne. Shin 252,000 na Eratostenis nawa ne a kilomita? Nan ake yin ta. Sitadiya kamar mudu take: sunan ɗaya, amma na wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Idan ya yi aiki da wadda aka sani a Atina, mai kimanin mita 185, amsarsa ta haura kilomita 46,000, ya zarce da kusan kashi 16 cikin ɗari. Idan kuwa da wata gajera ce mai mita 157.5, wadda wasu masu bincike suka fitar daga ma'aunan Masar, amsar ta zama 39,690, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Masu son labari mai daɗi su kan zaɓi gajeren mudun ne, don shi ke ba da amsar da suke so. A wurinmu masu awo wannan sa keke gaban doki ne, ka duba amsa sannan ka yanke tsawon tef ɗinka.

Dubi lambobin ma da kansu. Dubu biyar cif, ɗaya cikin hamsin cif. Duk wanda ya taɓa auna fili ya san ƙasa ba ta ba da irin waɗannan lambobi masu santsi, sai an daidaita su. Ga shi Aswan ba ta kudu da Iskandariya sak, ta gusa gabas da kimanin digiri 3, kuma tana ɗan arewa da layin da rana ke tsayawa a kai a waccan ranar. Amma ki lura da wani abu: ainihin tazarar kudu da arewa tsakanin garuruwan biyu digiri 7.1 ce, shi kuma ya samu 7.2. Abin da ya karanta daga sama ya kusa cika. Raunin yana wajen 5,000 ɗin, nisan da aka bi ta gefen kogin Nilu mai lanƙwashe-lanƙwashe. Labarin da ake yaɗawa cewa ya ƙirga kwanakin ayarin raƙuma, ko ya ɗauki hayar mai ƙirga taki, babu shi a bayanin Kiliyomidis. Masar dai ƙasa ce da ake sake auna gonaki bayan ambaliyar Nilu, saboda haka ba ta rasa bayanan nisa a hannun hukuma ba.

Bayan Eratostenis da sama da ƙarni guda wani masanin Girka, Fosidoniyus, ya sake gwadawa da tauraron da Larabawa ke kira Suhailu. A tsibirin Rodas da ƙyar yake leƙowa, a Iskandariya kuwa an ce yana hawa kashi ɗaya cikin 48 na da'ira. Ya samu 240,000. Amma nisan da ya yi aiki da shi, tsakanin Rodas da Iskandariya, a kan teku yake, daga bakin matuƙa jirgi, da aka rage nisan sai adadin ya faɗo zuwa 180,000. Wannan ƙaramin adadi shi Batlimus, masanin taurari na Iskandariya, ya ɗauka a ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa, kuma da yake littafinsa na labarin ƙasa ya zama abin dogaro, sai ƙaramar duniyar ta yi ta yawo a littattafai.

Ɓangaren da ya fi burge ni, a matsayina na mai jan tef, shi ne na Bagadaza. Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya tarar da adadin Girkawa a littattafan da aka fassara, amma ba wanda zai iya gaya masa tsawon sitadiyarsu da tabbaci. Matsalar mudun nan dai. Sai ya ce a je a auna da ma'aunin da aka sani. Wajen shekarar 830 masana taurari, cikinsu har da Sanad ɗan Ali, da Khalid Almarwarruzi, da Ali ɗan Isa mai ƙera usturlabi (na'urar auna tsayin rana da taurari), suka fita filin Sinjar a arewacin Iraƙi ta yau, inda ƙasa take shimfiɗe ba tudu ba kwari. An kuma ruwaito wani awon a yankin Tadmur ta Sham. Suka tsaya wuri guda suka auna tsayin sama, sannan suka rabu biyu, wasu arewa wasu kudu, suna jan igiya suna kafa turaku, suna kiyaye kada layin ya karkace, har tsayin da suka auna ya sauya da digiri ɗaya cif. Ki kwatanta aikin a ranki: sama da kilomita ɗari a ƙafa cikin rana, igiya bayan igiya, ga igiya tana saki da zafi tana tsukewa da raɓa, ga mai ƙirga da in ya yi gyangyaɗi sau ɗaya aikin mako ya lalace. Ni da tef ɗin ƙarfe ma na taɓa dawowa daga wani fili da tsallaken ja guda a littafina, sai da muka koma washegari muka faro daga turken farko.

Ruwayoyi sun zo da mil 56, da 57, da abin da ke tsakani. Wanda ya shahara shi ne 56 da biyu bisa uku, wanda masanin taurari Alfargani ya sa a littafinsa. Sau 360, mil 20,400. Milin nasu kamu 4,000 ne, masu bincike kuma sun kiyasta shi a ɗan ƙasa da kilomita 2, wanda ya kawo kewayen wajen kilomita 40,000 da 'yan ɗaruruwa. Abin da ya bambanta su da na baya shi ne su sun taka ƙasar da ƙafarsu.

Kada ki ɗauka sha'awa ce kawai ta kai su. Musulmi yana bukatar alƙibla da lokacin salla a duk inda yake, daular kuwa ta miƙe daga Magrib har bakin Indiya. Fitar da alƙiblar gari mai nisa lissafi ne na bayan ƙwallo. Mu nan mu kan ce "gabas", alhali daga Kano alƙibla ta karkata arewa da gabas ɗin da kimanin digiri 22. Kuma abin da ke faruwa a Siyeni yana faruwa a Makka sau biyu a shekara: wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli rana kan tsaya a saman Ka'aba da tsakar ranar can, wajen ƙarfe goma da minti ashirin na safe agogon Najeriya da Nijar. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla.

Sai Albiruni, wanda aka haifa a 973 a Khwarizm, cikin Uzbekistan ta yau. Ya so ya maimaita awon Ma'amun, amma irin wannan aiki sai da mutane da dukiya. Sai ya bi wata hanya da mutum ɗaya zai iya. A ganuwar Nandana, cikin Fanjab ta Fakistan a yau, akwai dutse da ke kallon shimfiɗaɗɗen fili. Ya fara fitar da tsayin dutsen ta hanyar auna kusurwar ƙololuwarsa daga ƙasa, ya samu kamu 652 da 'yar ɗoriya. Sannan ya hau, ya dubi can inda ƙasa ta haɗu da sama. A bisa tudu wannan layi yana ɗan sauka ƙasa da saitin ido, saboda bayan duniya ya lanƙwashe ya gudu. Ya auna saukar ya samu daƙiƙa 34, wato rabin digiri da kaɗan, tunda daƙiƙa sittin ce digiri ɗaya. Daga waɗannan biyu ya fitar da nisan da ke tsakanin bayan ƙasa da tsakiyarta: kamu miliyan 12 da dubu ɗari takwas da wani abu, wanda aka saba juyawa zuwa kimanin kilomita 6,340. Adadin yau 6,371 ne.

Dabarar ta yi kyau ƙwarai, amma nan ma ina ja wa ɗalibaina kunne. Kusurwar ta yi ƙanƙanta. Kuskuren daƙiƙa ɗaya tak, a ce 33 ko 35 maimakon 34, yana jujjuya amsar da kusan kashi 6 cikin ɗari. Ga iska kuma tana lanƙwasa haske kusa da ƙasa, ta ɗaga layin da ake dubawa sama da inda yake. Kusancin amsarsa da ta yau akwai gwaninta a ciki, akwai kuma sa'a. Shi kansa bai yi tutiya da ita ba. Ya ɗauke ta a matsayin shaida ga awon mutanen Ma'amun, ya ci gaba da aiki da nasu.

In kina son ganin ɓarnar da mudu ke yi, dubi Kolombus, matuƙin jirgin ruwan da ya nufi Asiya ta hanyar yamma. Masana a Turai ta zamaninsa ba su musa masa cewa duniya mulmulalliya ce ba, gardamarsu a kan girmanta take, kuma su ne da gaskiya. Ya karanta 56 da biyu bisa uku na Alfargani, sai ya ɗauka milin Rumawa ne, mai kimanin mita 1,480. Nan take duniya ta tsuke a takardarsa zuwa wajen kilomita 30,000, rubu'i guda ya tafi. Ya kuma miƙa Asiya gabas fiye da inda ta tsaya. Da ya gama, nisan da ya lissafa daga tsibiran Kanari zuwa Japan bai kai rubu'in na gaskiya ba. Da babu wata nahiya a tsakani a 1492, da ruwa da guzuri sun ƙare masa a tsakiyar teku.

Maganar mudun ba ta mutu ba sai a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ta hanya mai ban dariya. Kafin nan Faransawa sun tura masu awo Laflan a arewacin Turai da Feru a Kudancin Amurka a shekarun 1730, suka tabbatar da abin da masanin kimiyya Niyuton ya faɗa, cewa duniya ta ɗan taushe a dorayenta ta kumbura a ƙugu. Bambancin kimanin kilomita 21 ne a nisan tsakiya, abin da ido ba zai gani a ƙwallo ba. A 1791 kuma suka yanke cewa sabon ma'auninsu, mita, zai zama kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin doron arewa da ikwaita, wato layin ƙugun duniya. Masana biyu, Delambar da Meshan, suka shafe daga 1792 zuwa 1798 suna auna layin Dankak ta Faransa zuwa Basalona ta Sifen. Shi ya sa kewayen duniya ya faɗo dab da 40,000: daga jikinta aka yanko mudun da ake auna ta da shi.

Ki gwada da kanki, don mu a nan muna da abin da Iskandariya ba ta da shi. Rana tana tsayawa a saman kanmu sau biyu a shekara. A Kano wajen 22 ga Afrilu ne da 21 ga Agusta, na Afrilu ya fi, don a Agusta hadari zai hana ki. Kalaba tana kusan saitin Kano ta kudu, tazararsu kuma digiri 7 ce da ɗan kaɗan, kusan irin ta garuruwan Eratostenis. Ki samu ƙawa a can. Ku kafa sanda mai mita ɗaya a daɓe mai lebur, ku daidaita miƙewarta da igiya mai dutse a ƙarshe, irin yadda magina ke duba bango, don karkacewar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta isa ta ɓata lissafin. Kada ku bi ƙarfe sha biyu na agogo. Ku bi inuwar har ta kai ƙarshen gajartarta, dab da zawali, yadda malamanmu ke duban shigar Azahar, a Kano wajen sha biyu da minti ashirin da biyar. Taki za ta shige ƙarƙashin sandar. Tata za ta kwanta kudu, kimanin santimita 12. Nisan garuruwan a miƙe kimanin kilomita 780 ne: ki raba 360 da 7, ki ninka da 780, za ki ga 40,100 da 'yan kai. Nisan kuma daga taswira za ki ɗauko shi. In kika tambayi direban tasha, zai ba ki na kwalta da duk kwane-kwanenta, duniyarki ta kumbura ta wuce ta Eratostenis.